Sandar Hamajoɗa

Yau in ka tsaya a unguwar Damilu ka ce an taɓa yin gasar besbol a garin nan, dariya za a yi maka. To, an yi. Ko shekara ba ta cika ba ta mutu, amma an yi ta, kuma akwai wata mai sayar da fura da nono a bakin kasuwar Jimeta da har gobe in aka ambaci wasan sai ta kau da kai. Sunanta Suwaiba.

Wanda ya kawo abin shi ne Malam Zadok, malamin motsa jiki a wata sakandare a Jimeta, mutum mai ƙaramin jiki da ƙatuwar murya. Wani bature da ya koyar a Yola ne ya bar masa buhun ƙwallaye da safar hannu ta fata, lokacin da ya tattara nasa ya nasa ya bar gari, a shekarar da Mubi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram. Gari ya cika maƙil da 'yan gudun hijira. Zadok ya ga maza zaune a inuwa ba cas ba as, sai tunani yana cin su, ya ce wannan zaman ba zai haifar da alheri ba. Ya haɗa ƙungiyoyi huɗu: na unguwannin Damilu, Adarawo da Jambutu, da ta sansanin Malkohi. Wasan ba wuya a baki. A jefo maka ƙwallo, ka doke ta da sanda, ka yar da sandar, ka ruga ka zagaye buhunan yashi ka dawo inda ka tashi. Mutane suka ƙi kiran sunan bature, suka ce ƙwallon sanda.

Mijin Suwaiba, Hamajoɗa, makiyayi ne daga wajen Madagali. Ranar da aka shigo musu ruga sai suka rabu biyu. Shi ya ɗauki matarsa da ƙananan 'yan mata suka bi hanya, babban ɗansu Bobboyi kuma ya kora shanu ya nufi duwatsun iyakar Kamaru, a kan za su haɗu a Yola. Iyayen suka iso Malkohi. Bobboyi shiru.

Hamajoɗa ya shiga ƙungiyar Malkohi. Ya girmi duk 'yan wasan, gemunsa har ya fara furfura, amma ranar farko da ya ɗaga sandar kiwonsa ya maki ƙwallo, sai da aka nemo ta a gonar wani. Zadok ya yi tsalle kamar an yi masa albishir da kujerar Makka. Murnar ba ta je ko'ina ba, domin dattijon ya ruga da sandarsa a hannu, ya zagaye fili ya dawo da ita.

Zadok ya busa usur. "Bappa, ka fita! In ka buga, ka yar da sandan. Doka ne."

"Malam, a gidanmu ana jingine sanda, ana ajiye shi a yi sallah. Wurgarwa kam babu."

"Wasa ne fa, Bappa."

"Na san wasa ne. Namiji yana wurgar da sanda ranar da ba garke, ba mai bin garke. Useko, Malam, ka yi haƙuri, amma ba zan yar ba."

Haka aka yi ta yi. Ya doke, ya ruga da sanda, a busa usur, a soke. 'Yan Malkohi suka yi lallashi, suka yi faɗa, suka gaji. Cire shi kuwa ba wanda ya iya, don shi mutane ke zuwa kallo. 'Yan Damilu har waƙa suka yi masa, suna cewa ko a aljanna sai an roƙe shi ya ajiye.

Suwaiba ma tana dariya tare da su, amma ita ba wasa take kallo ba. Kunya ba ta barinta ta tambayi mijinta labarin ɗan fari, ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, sai dai ta ce yaron nan. Shi kuwa Hamajoɗa duk ranar kasuwa yana tafiya kara a Ngurore, yana duba shanu ɗaya bayan ɗaya, yana tambayar fatake labarin garkensa. Sau ɗaya tak ya taɓo mata maganar: wata safiya tana wanke ƙwarya, ya tsaya a kanta ya ce, "Muddin kin ga sandan nan a hannuna, yaron yana nan." Daga ranar ta samu inda za ta riƙa jin labari ba tare da ta buɗe baki ba. Takan shimfiɗa zani a gefen fili da ƙwaryar furarta, in ya ruga da sandar, a yi ta ihu ana tsokanarsa, ita kuma zuciyarta ta kwanta har wani makon.

Gasar ta fara zubewa tun kafin damina. Da sojoji suka kwato garuruwa, 'yan Jambutu, da yake galibinsu 'yan gudun hijira ne, suka koma Mubi da Michika, ƙungiyar ta watse. Wa zai ce wa mutum kada ya koma gida saboda ƙwallo? Da bam ya tashi a Jimeta, iyayen 'yan Adarawo suka hana 'ya'yansu shiga taro, kuma gaskiyarsu. Ƙwallaye suka yage, baduku ya ɗinke, suka sake yagewa. Saura Damilu da Malkohi. Zadok ya rame, muryar ma ta ragu, ya ce to a yi wasan ƙarshe a rufe da mutunci.

Ana gobe wasan, Hamajoɗa ya dawo daga kara tare da wani dillalin shanu, Badamasi. A bakin sansani suka tsaya. Suwaiba ta hango Badamasi ya riƙe hannun mijinta ya daɗe bai saki ba, kansa a ƙasa. Da Hamajoɗa ya shigo ta tambaye shi ko lafiya, da Fulatanci, "Jam?" Ya ce, "Jam." Ta kawo abinci, bai taɓa ba. Ta dubi sandar, tana jingine a inda take kullum, sai ta ce wa kanta gajiya ce.

Washegari fili ya cika duk da tsoro. Damilu na gaba da ɗaya, wasa ya zo ƙarshe, ɗan Malkohi guda yana tsaye a kan buhu yana jiran a buɗe masa hanya. Aka kira Hamajoɗa. 'Yan Damilu suka fara waƙarsu, sun san komai nisan bugun sokewa za a yi.

Aka jefo. Ya doke ta, ƙwallo ta tashi ta wuce bishiyar darbejiya. Bai ruga ba. Ya tsaya yana kallon sandar, ya shafa ta daga sama har ƙasa, ya juyo ya nemi matarsa a cikin mata har idonsu ya haɗu. Sannan ya wurgar da ita.

Fili ya kaure. 'Yan Malkohi suka rungumi juna. Zadok ya cillar da usur, yana bin dattijon da gudu yana ihu, "Ya koya! Wallahi Bappa ya koya!" Hamajoɗa kuwa yana bin buhunan yashi a hankali, hannuwansa biyu suna lilo ba komai a ciki, hawaye na bin gemunsa, mutane na cewa kukan murna ne.

Suwaiba ta miƙe, ƙwarya ta kife a kan zaninta, nono ya bi ƙasa. Matan da ke kusa suka kama ta suna cewa ai ku kuka ci, me ya faru? Ba ta ji su ba. Ta ɗora hannu biyu a ka, a gaban duk jama'ar Malkohi da Damilu, ta ƙwala kiran sunan da tun ranar da ta haife shi bakinta bai taɓa furtawa ba.

"Bobboyi! Bobboyi am, ɗana!"