Laimar Munawara

"Ku jira la'asar," in ji Mma Zenabu. Ta tokare ƙofar ɗakin, hannunta da sauran danshin wankan gawar.

Garuba, mijin mamaciyar Munawara, bai ɗago ido ba. "Mma, liman ya zo. Mutanen da suka zo daga Kulungugu suna son komawa yau. Rana ba ta ƙona gawa."

Gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar wanda bai taɓa raka Munawara asibitin Tamale ba. Zenabu maƙwabciyarta ce ta raka ta, ita ta ji dokita yana cewa lupus. Wai akwai masu gadi da ake haifar mutum da su a cikin jini, masu far wa ɓarawo ba su tambayi sunansa ba. Na Munawara sun daina gane mai gidan. Zafin rana ke tashinsu, su ƙona mata kumatu, su kumbura gaɓoɓi, a ƙarshe suka ci ƙoda.

Shi ya sa duk zangon Bawku aka san ta da baƙar laima, tana raɓe da inuwar katanga kamar mara gaskiya. Matan famfo suka sa mata Madam, wai iyayi ne. Baki dai ba ya biyan haraji.

Ranar Talata, da muryarta ta koma zare, ta kama zanen Zenabu. "Mma, kar ki bar su fitar da ni a rana. Ina tsoro."

Zenabu ta ce to. Ga shi yau azahar ta tsaya a tsakar ka, mace kuwa ba ta bin makara.

Maza suka shigo, dole ta kauce. Ta san ta saɓa wa matacciya. Sai ta ga laimar a jingine bayan ƙyaure. Ta ɗauka ta danƙa wa Garuba.

Ya daɗe yana kallon mariƙin da tafin matarsa ya goge har yana sheƙi. Sannan ya buɗe ta.

Zenabu ta tsaya a zaure. Makara tana tafe bisa kafaɗu, Garuba na ɗage da hannu yana tuntuɓe a gefe don inuwar ta tsaya daidai fuskar. Ba wanda ya ce musu komai, amma da suka kai kwanar hanya, masu ɗaukar suka raɓa jikin katanga.