Faifai na Uku

Kefas ya sake kashe kwamfutar ya kunna, gumi na tsattsafo masa. Baƙin allo dai, da rubutu cewa ba ta ga faifai ba. Shi da karambani! Da safe ta nemi a sabunta kanel, wato zuciyar manhajar, ya danna mata ba tare da ya tambayi kowa ba.

A bencin shagon hoton Kefas na unguwar Badariya, kwastomansa Riskuwa ya kasa zama wuri ɗaya. Daga Gulma ya taso don bidiyon bikin ƙanensa, inda marigayi babansu ya yi doguwar addu'a. Muryar tsohon ba ta rage ko'ina ba sai a kwamfutar nan.

"Malam Kefas, mi ya faru? Inna na can ta tara 'yan'uwa, jirana sukai."

"Yanzun nan, ɗan'uwa."

Ya kira ƙanwarsa Joyce, wadda ta haɗa masa kwamfutar. Tana cikin motar Argungu, murya na yankewa. Da ƙyar ta nuna masa yadda zai sa kwamfutar ta tashi ba tare da ta jira faifan da yake ajiye bidiyo a ciki ba. Ta kuwa tashi! Sai layi ya katse.

Kefas ya ji sanyi a ransa. Filashin da Riskuwa ya kawo a zuba masa bidiyon na jone tun ɗazu, shi kuma a ƙa'idarsa sai ya wanke filashin kwastoma tas saboda bairos. Kullum filashi shi ne faifai na uku a jeri. Hannunsa ya riga ya saba, ko dubawa bai yi ba ya goge na ukun.

Waya ta yi ƙara. Joyce ce.

"Yaya, kar ka taɓa komai tukuna! Sabon kanel ɗin nan ya juya jerin. In filashi na jone lokacin da ta tashi, shi zai zama na biyu, faifan bidiyonka ya koma na uku. Shi ya sa ta kasa ganinsa. Kana jina?"

Yana jinta. Ya buɗe faifai na biyu, sai ga waƙoƙin Riskuwa da hotunan gonar albasa, ko ɗaya bai ɓata ba. Na uku kuwa fayau.

Riskuwa ya leƙo ta kafaɗarsa yana murmushi.

"Madalla, ta tashi! Ɗan kunna mini wajen addu'ar, in ji muryar Baba kafin in kama hanya."