Dutsen da ke Bakin Likkafani

Fannami maɗinki yana warware farin akokon likkafani a zauren masaukin Ba Aisami, ya kai kamu na ƙarshe, sai hannunsa ya tsaya cak. A bakin ƙyallen akwai zane da shuɗin tawada: wani dutse mai tsini, kansa fari fat, rana tana leƙowa ta bayansa. A gefensa rubutu ne layi biyu, yana gangarowa daga sama zuwa ƙasa kamar sawun kaji. Ba ajami ba ne, ba kuma rubutun Nasara ba.

Da hantsi Ba Aisami ya rasu. Shekara talatin yana saukar da fatake a Gure, yana nuna musu kasuwa da rijiya da lambunan kwari. Wannan ƙyalle shi ya saye shi bara, ya bar wasiyya a sa shi a ciki.

"Allah gafarta Malam," in ji Fannami, muryarsa ƙasa-ƙasa, "zo ka ga wani abu."

Liman Abatcha ya matso ya duƙa, amma bai taɓa ba. "Wannan hatimin wane ne?"

Zana ɗaya ce tsakanin gidan Fannami da na mamacin, kuma abin da ya gani ta hudar zanar nan ya daɗe yana cin ransa.

"Ba na son yi wa gawa ƙazafi. Amma tun bara, kullum bayan la'asar, nakan ga ya buɗe adaka ya fiddo ƙyallen nan. Sai ya zuba masa ido, bakinsa yana motsi."

"Yana motsi?"

"Kamar mai magana da wani."

Masu haƙar kabari sun riga sun dawo, ƙafafunsu duk ƙasa har gwiwa.

"Mutumin da kowane irin baƙo ke kwana gidansa," in ji Liman a hankali, "Allah kaɗai ya san abin da aka bar masa. Ba zan tsaya in yi masa salla ba sai na san ko wa yake kira."

Daga bayan zanar cikin gida aka ji muryar Ya Zaliha, matar mamacin, a dishe.

"Malam Fannami, ashe leƙe kake yi mana? Da ka yi sallama, ai da ka sha fura ka ji da kunnenka."

Fannami ya sunkuyar da kai.

"Wani falke ne daga Nguru ya kawo shi," ta ci gaba. "Ya ce tambarin wata masaƙa ne a ƙasar Japan, can bayan teku inda rana ke fitowa. Malam, mutumin nan shekara talatin yana jin labarin garuruwa a bakin baƙi, shi kuwa bai taɓa wuce Kelle nan kusa ba. Wa zai bar wa gida? Sai ya zauna yana tambayar dutsen. Wa ke saukar da baƙi a gindinka? Ina suke ɗaure raƙuma? Ruwanku na rijiya ne? Ni ma har na gaji, na ce masa in ka je ka gaishe su."

Wani daga cikin masu haƙa ya yi dariya, ya yi sauri ya rufe baki.

Liman ya daɗe yana shafa gemu. "Rubutun da ban iya karantawa ba, ba zai shiga kabarin Musulmi ba. A yanke shi a ƙone, sannan mu yi salla."

Fannami ya sa almakashi ya yanke. Ya auna sauran daga gwiwar hannu zuwa yatsa, ya sake aunawa, gumi yana tsattsafo masa. Ba Aisami dogo ne, kuma ya sayi daidai tsawonsa har da dutsen. Yanzu saura kamu ɗaya ya rufe ƙafafu.

"Ya kai?" in ji Liman.

Fannami ya kai hannu ya kwance farin rawaninsa, wanda bai fi Juma'a uku a kansa ba, ya yage kamu guda, ya zare allura daga hularsa.

An binne Ba Aisami kafin azahar, Liman Abatcha ne ya ja salla.

Bayan la'asar Fannami ya hura wuta a murhun tsakar gidansa, guntun ƙyallen yana hannunsa. Ya waiwaya ya dubi zana, babu kowa. Ya shimfiɗa shi a kan gwiwa don ya yi masa kallon ƙarshe. Sai a lokacin ya lura da wata 'yar bukka a gindin dutsen, ƙarama kamar ƙwayar gero, ƙofarta a buɗe.

A waje wani raƙumi ya durƙusa a ƙofar masaukin, wani baƙo yana ta sallama. Wutar ta ci itacenta ta zama toka, ƙyallen yana nan a kan gwiwarsa.