Kibiyar Debora

...ga shi ya sake yin ƙara. Ɗit-ɗit. Wai na kauce hanya. Ni Luka, da na yi shekara talatin da ɗaya ina koyar da jogirafi a garin nan, ɗan abin da bai fi kwalin ashana ba shi zai ce mini na kauce? Debora, kin ji abin da na'urarki take yi wa ubanki?

Kibiya ta ce dama. Na yi hagu. Hagu ne gida, ƙafafuna sun sani, keken ma ya sani.

Ba ƙin ta nake yi ba, kada ki ɗauka haka. Ina son ta. Da safe in na fito da keke daga gidanmu na unguwar Magajiya na danna ta, ta ɗan yi jim tana neman siginal, sai in ji kamar muna gaisawa. Kilomita goma sha huɗu yau. Sha huɗu da ɗigo biyu. Har kusa da Garam na kai na juyo, kan layin da kika zana da yatsanki a waya kika tura mata. Layinki ne nake bi kullum, 'yata... sai dai yau kin yi kuskure a wajen dawowa, shi ke nan. Kowa yana kuskure.

Ga tankar mai — bari ta wuce. Ruwan jiya ya cika ramukan nan, in ta watsa mini shi a wando Hannatu za ta yi magana. Mamanki ba ta faɗa, magana take yi, sannu a hankali, har yamma.

Ranar da aka ɗaura na'urar a keken nan. Bamalli mai gyaran keke yana juya ta a hannu kamar ƙwai. "Malam Luka, yanzu fa daga sama ake kallonka." Ke kuma kin tsuguna a gabansa da takalmanki na ofis, man keke ya ɓata miki hannun riga, ba ki damu ba. "Baba, don kilomita ne kawai. Likita ya ce a riƙa aunawa saboda suga." Kilomita kawai. To me ya sa kike kallon taya kina faɗa? Tun kina ƙarama in za ki ɓoye abu ƙasa kike kallo. Hannatu kuma na tsaye tana ta goge hannun da ba abin da ya taɓa...

Ɗit-ɗit. Na ji. Yi haƙuri.

Yanzu haka kina Abuja, a teburinki, waya a gefe, ni kuma ɗan ɗigo shuɗi ina rarrafe a kanta. Asabar da ta wuce har kika kira: wai na yi gudun ashirin da biyu a gangare, in rage. Na yi miki faɗa. Bayan na ajiye waya na zauna ina dariya ni kaɗai. Ashirin da biyu! A shekara sittin da takwas. Na so ki gaya wa abokan aikinki.

Wannan shagon fenti yaushe aka buɗe shi? Da fili ne nan. Kullum sai sun gina wani abu, sun toshe wa mutum alamominsa, sannan a ce shi ne ya rikice. Abin da ya faru ke nan wancan watan, ba wani abu ba. Na fita sayen burodi, sun canza fuskar layi, na ɗan zagaya. Awa uku, in ji Hannatu. Ni ban ga awa uku ba. Sama'ila, tsohon ɗalibina da ke okada yanzu, shi ya tsaya ya ce, "Sir, ina za ka?" Na buɗe baki in faɗa... to, gajiya ce. Rana ta yi zafi ranar. Ya kawo ni har ƙofa, ya ƙi ya tafi sai da ya ga na shiga. Sati biyu bayan haka kika zo da na'urar nan a kwali.

Sati biyu. Hm.

Hawan nan ya fi yadda na san shi. Sannu, gwiwa. Sannu.

A nan fa kika koyi keke, kin tuna? Wancan filin, bayan coci. Shekararki bakwai, ƙafarki ba ta kai feda sosai, kina tuƙi a tsaye, kitsonki biyu suna rawa. "Baba kada ka sake ni, Baba kana riƙe?" Ina riƙe, Debora. Ina riƙe... alhali na saki sirdin tun daga gindin mangwaro, ina bin ki da gudu hannu a buɗe, numfashina kamar zai tsaya. Da kika waiwayo kika ga ban riƙe ba sai kika faɗi. Kwana biyu ba ki yi mini magana ba. Tabon yana nan a haɓarki, kina rufe shi da hoda, ni ina ganinsa.

Ɗit-ɗit. Yanzu ta rubuta wai in juya baya. Kilomita uku da rabi zuwa gida. Uku da rabi? Ga gida nan a gabana. Ga kwana, ga magudanar ruwa da na sa aka haƙa, ga ƙofa —

Ƙofarmu ai koriya ce. Wa ya shafa mata shuɗi?

Wata mata na shanya a tsakar gida. Ba Hannatu ba ce. Kayan jarirai a igiya, mu kuwa ba mu da jariri. Ta ajiye bokiti tana dubana, ta rusuna. "Sannu Baba. Wa ake nema?"

Wa ake nema...

Chaza. Nan Chaza ne. Gidan haya na Chaza, inda aka haife ki. Mun tashi daga nan... shekarar da kika shiga sakandare. A-kori-kura ta kwashe kaya, kina zaune kan katifa a baya kina kuka saboda kyanwa. Shekara goma sha tara. Na sani. Na san wannan sarai, ko a aji zan iya rubuta shi a allo. To yaya aka yi na...

Na ce mata ruwa nake nema. Ta shiga ciki. Mutuniyar kirki.

Na dubi na'urar. Kibiya na nan tana nuna baya, ba fushi, ba gori. Tun daga mahaɗar can take gaya mini. Sau nawa? Biyar? Ba kilomita kike ƙirgawa ba, ko, 'yata? Ke da mamanki, har da Bamalli... duk kun sani, kuka bar mini girmana, kuka ce suga.

Waya na motsi a aljihu. Ba sai na duba ba. Ɗigon ya tsaya a inda bai kamata ba, kin gani, kin san ƙofar da yake tsaye a gabanta. Watakila kin fita baranda don kada a ji muryarki a ofis.

Zan iya cewa ziyara na zo. In yi dariya, in ce kewar tsohuwar unguwa ta kama ni. Za ki ce "To, Baba," ki yi kamar kin yarda... kuma wannan ɗin ne ba zan iya ɗauka ba yau.

Matar ta fito da kofi a hannu biyu. Waya ta katse. Ta sake farawa.

Ina zuwa, Debora. Bari in sha ruwan nan tukuna... bari in nemo muryar da zan ɗauka da ita.