Ƙotocin Baba Manzo

Ƙotar ta dare gida biyu, wutsiyar kurfin sassaƙa ta shige tafin hannunsa na hagu. Ina bakin ƙofa ina wanke moto da hantsi lokacin da abin ya faru. Baba Manzo bai yi ƙara ba. Ya ajiye guduma, ya zare ƙarfen, ya duba tsatsar da ke jikinsa, sannan ya duba hannun.

"Halilu, ɗebo min toka."

"Baba, likita za mu. Allura ɗaya ce."

"A kan moton nan naka da sai an tura? Ɗebo toka."

Na ɗebo. Ya cusa ta cikin ramin, ya ɗaure da ƙyallen tsohon rawani, ya ci gaba da aiki.

Manzo masassaƙi ne, maƙwabcina a Yekuwa, katanga ɗaya ta raba mu. Turmi da akushi da kujerar mata yake yi, har roba da injin niƙa suka kashe masa kasuwa. Ƙarafan sassaƙarsa gadon uba ne. Sun daɗe cikin buhu a bayan rumbu, gara ta cinye ƙotocin, waɗanda ta bari suka ruɓe.

Abin da ya sa ya fito da su waya ce. Ɗansa Najib, da ke haƙar zinariya a arewa, ya ce ya gaji da rami, zai dawo gida ya kama sana'a. A gidansu uba ba ya miƙa wa ɗa ƙarfe tsirara. Sai ya yi masa ƙota da hannunsa. Wanda uba ya mutu ya bari babu ƙota, maƙera ake kai wa su mai da shi fartanya. Haka aka yi da rabin kayan kakansa, kuma Manzo bai manta ba.

Aikin ba ya son gaggawa. Zai yanko busasshen marke, ya rage shi da gizago, ya sa wutsiyar ƙarfen a garwashi har ta yi ja, ya danna ta cikin itacen tana hayaƙi. Daga nan ya sa zobe da ya yanko daga tsohon bututu, ya buga har ya zauna.

Ciwon ya rufe daga sama. Kowa ya ce an warke.

Bayan kasuwa ta sake ci, matarsa Uwani ta leƙo ta kan katanga.

"Halilu, baban naka ya bar tuwo."

"Zazzaɓi ne, Inna?"

"Baki ne ba ya buɗuwa. Koko ma da bakin ludayi nake zuba masa."

Na same shi a gindin kututturen da yake aiki. Wuyansa a sandare, idan zai dube ni sai ya juyo da jiki duka. Leɓɓansa sun ja baya kamar mai murmushi, amma idonsa ba ya murmushi. Maganarsa ta tsakanin haƙora take fitowa.

"Baba, wannan ba na toka ba ne."

"Saura kaɗan."

"Ƙarfe ba ya gudu. Mu je mu dawo."

"Wa ya ce maka ana dawowa?"

Uwani ta ce, "Ka ji shi. Ni dai na faɗa, Malam, in ka bar ni da buhun ƙarfe, a ka zan ɗora in kai maƙera da kaina."

"Ba ki iya ɗauka," in ji shi. Ita ba ta yi dariya ba.

Washegari ƙara ta fara tayar masa da ciwon. Da an buga taɓarya sai bayansa ya lanƙwashe, dugadugansa su kafe a ƙasa. Uwani ta bi gida-gida ta roƙi mata su kai turamensu bayan gari. Ni ma na daina tayar da moto a ƙofa, sai in tura shi har bakin rijiya. Unguwar ta yi tsit da rana tsaka, kamar an riga an yi rasuwar.

Guduma ta gagare shi, don bugun kansa ma yana tayar da abin. Na ce ya ba ni in buga masa. Ya ƙi. Sai ya kafa bakin ƙarfen a kututture, ya ɗora ƙirjinsa a kan ƙotar, ya danna da nauyin jikinsa, hayaƙi na shiga idonsa. Haka ya yi na ƙarshen. Da zoben ya zauna ya kira ni da ido.

"Ka gani?"

"Na gani, Baba."

"Duka?"

"Duka."

"To kawo amalanke."

Ba ya iya zama a moto. Muka shimfiɗa masa tabarma a amalanken shanu. Da muka isa likita, majo mai duba marasa lafiya ya kwance ƙyallen, ya taɓa muƙamuƙin, ya tambayi yaushe ƙarfen ya soke shi. Da na faɗa masa sai ya yi wa Baba allura, ya ce a wuce babbar likitar Magariya yanzu. Ba mu kai ba. Kafin la'asar mun juyo da shi, kafin magariba an rufe shi.

Najib ya iso bayan sadakar uku, da ƙurar hanya a gashinsa. Da masu gaisuwa suka ragu, Uwani ta shimfiɗa tabarma a tsakar gida. Ta jera ƙarafan yadda mijinta ya yi su bi da bi, ƙotocin suna fuskantar ɗanta.

"Da hannunsa?" ya tambaye ni.

"Da hannunsa. Ina wurin."

Ya durƙusa ya fara ɗauka. Na farkon suka zauna masa daidai. Yana matsawa gaba suna ƙara kauri, don Manzo da riƙon hannunsa yake gwada ƙota, hannun kuwa kullum ƙara ƙin rufuwa yake. Najib ya ɗauki na ƙarshen ya damƙe. Yatsunsa ba su haɗu ba. Ya daɗe a durƙushe da shi a hannu, a can bayan gari ana jin mata suna daka.