Kunnen Shanun Ya'u

A watan Maris na shekarar 1957 na cika wata goma sha ɗaya ina malamin dabbobi a Jibiya. Takardar diflomata tana rataye a bangon ofis, kuma kowace safiya sai na gyara mata zama, ko da ba ta karkace ba. Aikina a kan iyaka shi ne duba kunnen duk saniyar da za ta shigo daga ƙetare, ƙasar da ke hannun Faransa. Wadda aka yi wa allurar bushiya, cutar da ke share garke cikin mako guda, ana ɓantare mata gefen kunnen hagu da wani almakashi na musamman. Wadda ba ta da wannan alama ba ta shigowa.

Dokar ta Alhaji Maharazu Mazanya ce, wakilinmu a majalisar Kaduna. Ya fara da koyarwa a elamantare, ya zama malamin hakimi, daga nan aka zaɓe shi, har ya kai ga shugabancin kwamitin noma da kiwo. Abu uku aka san shi da su: rijiyoyi, da burtalin shanu, da allura dole. Yana yaro bushiya ta cinye shanun garinsu, bai kuwa manta ba. Ranar da aka yi muhawara a kan dokar, an ce ya miƙe ya ce ko shanun ubansa ne suka zo ba alama, a mayar da su. Na haddace wannan magana tun ina makaranta, ina jin daɗinta.

Kuskurena ya faru ne da kaka. Ya'u, wani dattijon Bafillace da kakanninsa suka daɗe da zama a Magama, a gefenmu na iyaka, ya kawo mini shanu arba'in da uku. Duk na yi musu allura da hannuna. Da na ɗauko almakashi, sai ya riƙe mini hannun riga. A kunnen hagu na kowace saniya akwai tsaga biyu, alamar gidansu tun kakan kakansa, kuma da ita ake gane saniyar gado idan ta ɓata ko aka zo rabo. Almakashina zai sauka daidai a kanta.

"Malam, magani ya shiga jiki ai," in ji shi. "Kunnen kuma mi ya yi maka?"

Sa'an mahaifina ne, yana kuma ce mini Malam. Kunya ta kama ni. Na mayar da almakashi, na rubuta sunansa da yawan shanunsa a rajista, na ja layi biyu a ƙarƙashi, ina ganin rubutu ya isa shaida. Bayan mako guda ya tsallaka iyaka da garken zuwa wajen danginsa, don cin karan gonaki.

Da bazara ta kama, rijiyoyin can suka ƙafe, sai ya juyo gida. Rijiyar da ubansa ya haƙa a Magama tana nan da ruwa, daga shingen iyaka ana hango itacen da ke bakinta. Amma Saje Kalilu, ɗan sandan da ke riƙe da shingen, ya kama kunne ɗaya, ya kama na biyu, ya girgiza kai. Na ruga ofis na ɗauko rajista na buɗe masa.

"Malam Lawwali, ni ban yi boko ba," in ji shi. "Kunne aka ce in karanta, shi nake karantawa."

Hanya ɗaya ta rage: a sake allura a gaban saje, a yanka kunne. Allurata kuwa ta ƙare, motar da za ta kawo wata daga Katsina sai bayan kwana goma sha biyu. Mutanen ƙauyen da ke ƙetare sun hana Ya'u rijiyarsu, don labari ya je musu cewa Ingilishi sun ƙi shanunsa, suka ɗauka cuta ce. Matan gidansa suka riƙa jido ruwa a tuluna daga Magama, amma mene ne tulu goma ga shanu arba'in? A kwana na uku maruƙa biyu suka kwanta, ba su tashi ba.

Ran nan da hantsi Alhaji Maharazu ya iso rangadi. Da na ga motarsa sai na ji kamar an sauke mini dutse, domin kowa ya san uwar Ya'u, Inna Adama, ce ta shayar da shi lokacin da tasa uwar ta yi ciwo. Nono ɗaya suka sha.

Ya sauka, ya tafi har shinge. Ya'u yana tsaye a ɗaya gefen, sanda a kafaɗa.

"Kaɗo, ka yi tumbi," in ji Ya'u. "Kaduna ta karɓe ka."

"Kai kuma har yau ƙafafun nan kamar na zalɓe. Ina Inna Adama?"

"Tana can tana ɗaukar tulu da tsufanta, saboda dokarka."

Dariyar Alhaji ta tsaya. Na matso da rajista a ƙirji, na durƙusa, na bayyana masa komai daki-daki, har da kunyar da na ji. Ya karɓa ya karanta, ya daɗe yana kallon layin nan biyu.

"Na yarda an yi musu allura," ya ce. "Rubutunka ba na maƙaryaci ba ne."

"To ranka ya daɗe, kalma ɗaya daga bakinka ta ishi saje."

"Ta ishe shi yau. Gobe kuma? Akwai garke nawa bayan wannan, Saje?"

"Bakwai, ranka ya daɗe. Kowa yana kallo."

"Kowannensu zai zo da takarda, ta gaskiya da ta ƙarya. A Kaduna akwai masu jiran su ji na buɗe wa ɗan'uwana shinge, su tashi su ce a soke allurar dole gaba ɗaya. Shekara biyar na yi kafin su yarda da ita."

Ya'u ya sauke sandarsa. Ya kama kunnen wata farar saniya, ya jawo ta har bakin shinge.

"To Malam, kawo almakashin. Yanke. Kakana ya yafe."

Almakashin yana aljihuna. Na dubi Alhaji, na dubi saje. Kalilu ne ya faɗi abin da duk muka sani: kowa a Jibiya ya san allura ta ƙare, ɗanyen yanka ba tare da allura ba kuwa jabu ne, mai yinsa da mai shanun duk sai gaban alƙali, a kuma tsare garken. Na bar almakashin a aljihu. Wata huɗu da suka wuce yankan nan ba zai ɗauke ni rabin sa'a ba.

"Zan kai gyara majalisa," in ji Alhaji, muryarsa ƙasa-ƙasa. "A yarda da kunnen dama ga masu alamar gida. Da ma ya kamata in yi tunaninsa tun farko."

"Yaushe ne zaman?"

"Watan Agusta."

"Da damina ke nan," in ji Ya'u. "Lokacin ko kwaɗo ya ƙoshi da ruwa."

Alhaji ya ce zai tura direbansa Katsina ya nemo allura. Na gaya masa can ma jira suke. Ya ce a ɗauki ruwa a motarsa, amma garwa huɗu kawai ta iya ci. Aka kawo, shanun gaba suka shanye kafin na baya su sa baki.

Da azahar Ya'u ya yi wa garken kira. Akwai wata rijiya a arewa, tafiyar kwana biyu, wadda aka ce wataƙila da sauran ruwa. Shanun ba su so juyawa ba, domin iska tana kawo musu ƙanshin rijiyar Magama. Sai da ya sa sanda, shi da ban taɓa ganin ya daki saniya ba.

Alhaji ya tsaya riƙe da shingen har suka ɓace cikin geza. Daga nan ya miƙo mini rajistata, ya ce in rubuto masa rahoto cikakke, kwafi biyu, don gyaran da zai kai. Na koma ofis na zauna. Na rubuta kwanan wata, na rubuta sunan Ya'u. Da na zo wurin yawan shanu na sa arba'in da ɗaya, sannan na tsaya, na soke, na bar gurbin babu komai.