Na'ura ta Huɗu a Hanyar Janbako

Sati uku ke nan ruwa na sauka a ƙasar Maradun, amma na'ura ta huɗu ko gezau. Injiniya Ikilima ta daɗe tana duban kwamfutarta a ofis, a Talata Mafara. Na'urorin auna danshi guda shida ta binne a ƙarƙashin sabuwar hanyar Janbako, inda aka cakuɗa baƙar laka da siminti don kada ta kumbura da damina ta tsaga kwalta. Biyar suna nuna danshi ya hau. Ita ta huɗun kullum abu ɗaya take faɗi, ƙasa a bushe.

Ranar kasuwa ta hau mota ta je. Wurin da ta binne ta an tone an mayar, an tattake da ƙafa. Kwaltar gefen har ta fara darewa.

Duk wanda ta tambaya sai ya kau da kai. Daga ƙarshe wata mai sayar da nono ta nuna mata gidan Malam Sallau da baki, manomin da gonarsa ke bakin hanya.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo, ya tambayi gida da ruwa da gajiya. Sannan ta ce, "Baba, wani kayan aikina na zo nema."

Sai ya tashi, ya leƙa rumbu, ya fito da tsohuwar tukunya cike da busasshen yashi, na'urar da batirinta a ciki.

"Ɗiyata, cewa aka yi abin ga shina jin maganar mutane, shi kai ma hukuma. Shi ya sa na rufe mai kunne."

"Danshin ƙasa kawai take aunawa, Baba. Wa ya gaya maka tana ji?"

"Nazir. Mai kula da leburorin ɗan kwangila. Shi ma ya nuna min inda take."

Wannan yankin ne aka gama cikin kwana biyu, lokacin da ta tafi Bakura duba wata kwalbati, kuma Nazir ɗin ya rantse mata ba a rage buhun siminti ko ɗaya ba.

Ikilima ta ari fartanyar Malam Sallau, ta koma bakin hanya, ta sari ƙasa daga ƙarƙashin kwaltar. Laka ce baƙa wuluk, tana manne wa yatsa, babu alamar siminti a cikinta. Ta cika leda uku, ta rubuta kwanan wata a jiki.

Tana ɗaure ta ukun wayarta ta yi ƙara. Nazir ne, yana tambaya ko ta iso lafiya. Ita kuwa ba ta gaya wa kowa za ta zo ba.